Amsoshin Tambayoyinku: Carole Lombard da Sana'ar Ba Mutane Dariya

Tun da tsofaffin fina-finan Amurka na baƙi-da-fari suka fara samuwa cikin sauƙi a intanet, wasiƙun da ke zuwa wannan fili game da jaruman wancan zamani sun ƙaru, kuma a wannan karon guda biyar daga cikinsu sun haɗu a kan mace ɗaya, wato Carole Lombard. Na tara su wuri ɗaya, na taƙaita wasu saboda ƙarancin fili, amma ban taɓa manufar kowa ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Kwanakin baya na kalli wani tsohon fim mai suna My Man Godfrey, kuma matar da ta fito a matsayin Irene ta ba ni dariya har da hawaye. Ba ta ƙarasa wata magana sai ta kama wata, ga rawar kai, ga shagwaɓa. Wace ce ita, kuma haka halinta yake a zahiri ko kwaikwayo ne? Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Sunan da ta yi fice da shi Carole Lombard, amma sunan yankanta Jane Alice Peters, an kuma haife ta ranar 6 ga Oktoba, 1908, a garin Fort Wayne na jihar Indiana. Lokacin da auren iyayenta ya samu matsala, mahaifiyarta ta kwashe ta da yayyenta maza biyu zuwa Los Angeles a shekarar 1914, daidai lokacin da kamfanonin fim ke ta ƙaura zuwa can. Tana da shekara 12 darakta Allan Dwan ya hango ta tana wasan ƙwallo da yara maza a kan titi, ya ba ta wata 'yar ƙaramar fitowa a fim ɗinsa A Perfect Crime na 1921. Masu son labari mai daɗi sukan tsaya a nan, su ce daga titi ta zama tauraruwa. Gaskiyar magana kuwa, tsakanin wannan fitowa da fim ɗin da ya ɗaukaka ta akwai shekara 13, kuma amsar tambayarki ta biyu tana cikin waɗannan shekaru.

Tana kimanin shekara 16 kamfanin Fox ya ɗauke ta aiki, inda aka riƙa sa ta a fina-finan kaboyi da makamantansu, aikinta kawai ta yi kyau ta jira jarumi ya zo ya cece ta. Fox bai sabunta kwantiraginta ba. A waɗannan shekarun farko kuma ta yi hatsarin mota, gilashi ya yanke ta a kumatun hagu. An ɗinke wurin ba tare da allurar kashe zafi ba, domin likitocin lokacin suna ganin allurar za ta saki naman fuska tabon ya ƙara muni. Fox bai sabunta kwantiraginta ba. A masana'antar da fuska ce jari, mata da yawa da a nan labarinsu ya ƙare, ita kuwa sai ta shiga koyon yadda ake saita fitila da inda ya kamata kyamara ta tsaya don tabon ya ɓuya, har ta kai ga masu ɗaukar hoto suna shawara da ita kamar abokiyar aiki.

Daga 1927 zuwa 1929 ta yi aiki a wajen Mack Sennett, mutumin da ya yi suna da gajerun fina-finan barkwanci marasa magana, irin waɗanda ake guje-guje, a faɗa ruwa, a shafa wa mutum abinci a fuska. Aiki ne da manyan jarumai mata ke yi wa kallon raini, amma a can ta koyi abin da ba a koyarwa a makaranta: yaushe za a faɗi, tsawon daƙiƙa nawa za a yi shiru kafin a juyo, da kuma yadda kyakkyawar mace za ta yarda a yi mata dariya ba tare da ta zubar da kwarjininta ba. Bayan ɗan zama a kamfanin Pathé, Paramount ya ɗauke ta a 1930 a kan dala 350 a mako. Nan ma shekara huɗu ta yi tana sanya tufafin alfarma da Travis Banton ke tsara mata, tana fitowa a fina-finan da yau ba kowa ke tuna sunayensu ba.

Ƙofar ta buɗe a 1934, lokacin da darakta Howard Hawks, wanda suke da dangantaka ta nesa, ya aro ta zuwa kamfanin Columbia don fim ɗin Twentieth Century, inda za ta kara da John Barrymore, ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan dandamali na Amurka. Kamar yadda Hawks ya riƙa ba da labari daga baya, a kwanakin farko ta ƙame saboda kwarjinin Barrymore, tana yin irin wasan da take zaton shi ake so. Sai ya ja ta gefe ya tambaye ta abin da za ta yi idan namiji ya faɗa mata irin maganganun da ke cikin labarin a zahiri, ta ce shurinsa za ta yi, ya ce to ta je ta shure shi ko kuwa ya sallame ta. Duk wanda ya ga wurin da take kwance a kujerar jirgin ƙasa tana kai wa Barrymore shuri da ƙafafu biyu tana kururuwa ya san ta ji maganar. Fim ɗin bai yi kasuwa sosai ba, amma masu sharhi sun gane cewa sabuwar 'yar wasa ta bayyana.

Saboda haka, Malama, waɗanda suka yi aiki da ita sun shaida cewa mace ce mai raha, mai son tsokana, mai kuma baki, har ana yi mata laƙabi da mala'ika mai ashar. Sai dai Irene da kika gani, wadda ba ta san inda kanta ke ciwo ba, ginin hannu ce. Ki sake kallon wurin da take yin suman ƙarya Godfrey ya ɗauke ta ya sakar mata ruwan sanyi, ki lura da lokacin da take buɗe ido ɗaya ta leƙa ko yana kallonta, da lokacin da ta zabura tana tsalle tana shelar cewa yana son ta. Da ta yi gaggawa ko ta makara da daƙiƙa ɗaya, da dariyar ta zube. Mai rawar kai na gaskiya ba ya iya auna lokaci haka.

Tambaya: Malam, ina karatun aikin jarida, kuma na sha cin karo da kalmar screwball idan ana maganar fina-finan Lombard. Mene ne ma'anarta, kuma me ya sa irin waɗannan fina-finai suka yi tashe a wancan lokaci kaɗai?

Amsa: Ɗana, kalmar daga filin wasan baseball ta fito. Suna ne na wata irin jifa da ƙwallo ke karkacewa ta ɓangaren da mai bugu bai zata ba, daga nan Amurkawa suka ara suna kiran duk mutumin da ba a iya hasashen abin da zai yi da wannan suna, irin wanda za mu ce yana da ɗan motsi a ka. Idan za a fassara nau'in fim ɗin, barkwancin rikita-rikita ya fi kusa. Yawanci labarin soyayya ne tsakanin mutum biyu da ba su dace ba, ɗaya ɗan gidan masu kuɗi ɗaya talaka, ana magana da sauri kamar ana tsere, ana ɓad da kama, ana ƙarya a kan ƙarya, kuma sau da yawa macen ce ke farautar namijin, shi yana gudu yana neman tsira da mutuncinsa. Akan ɗauki 1934 a matsayin shekarar haihuwarsa, saboda a cikinta aka saki Twentieth Century da kuma It Happened One Night na Frank Capra, wanda Clark Gable da Claudette Colbert suka jagoranta, ya kuma lashe manyan kyaututtukan Oscar guda biyar.

Abubuwa uku ne suka haɗu suka haife shi. Na farko, sauti bai daɗe da shigowa fim ba, domin sai a ƙarshen shekarun 1920 aka fara jin muryar 'yan wasa, kuma kamfanoni suka kwaso marubuta daga gidajen jarida da dandamalin New York, mutane irin su Ben Hecht, waɗanda kaifin harshe ne abincinsu. Na biyu, karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929 ta jefa Amurka cikin halin da a 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu neman aiki ba shi da shi. Mutumin da ya tara 'yan sulallansa ya shiga silima yana son ya ga falon masu kuɗi da rigunan siliki, yana kuma son a nuna masa cewa masu falon ba su fi shi hankali ba. My Man Godfrey ya fara ne da 'ya'yan attajirai suna wata gasa ta tattaro tarkace, kuma cikin abubuwan da ake nema har da mutumin da duniya ta manta da shi, wato ɗaya daga cikin marasa aikin da ke kwana a bola a bakin kogi. Ka ga akwai ɗaci a ƙarƙashin dariyar.

Na uku, wanda a ganina ya fi sauran tasiri, shi ne tace fina-finai. Tun 1930 kamfanonin Hollywood suke da rubutattun ƙa'idoji na abin da ba za a nuna ba, amma ba a bin su, sai a watan Yulin 1934, bayan matsin lamba daga ƙungiyoyin Katolika, aka kafa ofishi a ƙarƙashin Joseph Breen wanda dole fim ya samu takardar amincewarsa kafin a sake shi. Da aka hana nuna shauƙin namiji da mace a fili, sai marubuta suka mayar da shi cacar baki. Masoya ba su da damar runguma, don haka sai su yi ta faɗa, kuma mai kallo ya san abin da faɗan ke nufi. A fim ɗin Nothing Sacred na 1937, wanda William Wellman ya ba da umarni, Lombard ta fito a matsayin Hazel Flagg, 'yar wani ƙaramin gari a jihar Vermont da likita ya yi kuskuren cewa gubar radiyam za ta kashe ta, kuma bayan ta gano lafiyarta ƙalau sai ta yi gum, saboda wata jarida ta yi alkawarin kai ta New York kyauta. Tun da aikin jarida kake karantawa, wannan fim ya zame maka dole, domin ban san wani fim na wancan zamani da ya kai shi yi wa jaridu tsirara a kan cinikin hawayen jama'a ba. A cikinsa ne ita da jarumin fim ɗin, Fredric March, suke ba wa hammata iska a ɗakin otal, ya nausheta ta nausheshi, kuma a lissafin fim ɗin wannan ne wurin da soyayyarsu ta tabbata. Shi ne kuma fim ɗinta tilo da aka ɗauka gaba ɗaya da launi na Technicolor.

Ba ita kaɗai ce a fagen ba. Akwai Irene Dunne a The Awful Truth, da Katharine Hepburn a Bringing Up Baby, da Rosalind Russell a His Girl Friday, da Barbara Stanwyck a The Lady Eve, da Jean Arthur. Kowace da salonta, amma yawancinsu suna wasan ne kamar mai hankalin da ta yarda ta ɗan yi wauta. Lombard takan shiga cikin wautar gaba ɗaya ta rufe ƙofa, kuma hakan ne ya sa sunanta ya fi manne wa nau'in. Da Amurka ta shiga yaƙi a ƙarshen 1941, masana'antu suka buɗe, aiki ya samu, sai tsokanar masu kuɗi ta rage armashi, salon ya riƙa dusashewa.

Tambaya: An ce mini mutumin da ya fito a matsayin Godfrey tsohon mijinta ne, kuma bayan rabuwarsu suka yi fim ɗin. Ni dai na kasa yarda. Daga wani dattijo mai bibiyar wannan fili.

Amsa: Ranka ya daɗe, wanda ya faɗa maka bai yi ƙari ba. Ta auri William Powell a watan Yunin 1931, ya girme ta da shekara 16, kuma auren ya mutu a 1933. Shi mutum ne mai son zaman gida da natsuwa, ita kuwa matashiya mai son taro, ga aiki ya sha kan kowa. Sun rabu ba tare da gaba ba, har ma lokacin da kamfanin Universal ke shirya My Man Godfrey a 1936, Powell ne ya dage cewa ita ta dace da matsayin Irene. Ina ganin sanin da suka yi wa juna ya shiga cikin fim ɗin: irin kallon haƙurin da yake yi mata idan ta fara zuba, kallon wanda ya riga ya san ba za a ci ta da gardama ba ne.

Tambaya: Na karanta cewa a wani lokaci ta fi kowace jaruma albashi a Hollywood, amma kuma ba ta taɓa cin kyautar Oscar ba. Yaya aka yi haka? Daga wata 'yar kasuwa.

Amsa: Hajiya, duka biyun haka suke, kuma ba su ci karo da juna ba, domin kasuwa daban, masu ba da kyauta daban. A 1937 abin da ta samu ya kai kimanin dala 450,000, a lokacin da albashin shugaban Amurka yake dala 75,000 a shekara. Wakilinta Myron Selznick ne ya ƙulla mata yarjejeniyar, amma waɗanda suka san ta sun ce takan karanta kwantiragi da kanta layi bayan layi, ta kuma nemi a ba ta ta cewa a kan wanda zai ɗauki hotonta da wanda zai ba da umarni. Jaridu sun ruwaito cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na kuɗin ya tafi a haraji, ita kuma ta fito ta ce ba ta baƙin ciki da hakan, tun da ƙasar ce za ta amfana. A lokacin da sauran taurari ke ƙorafi, wannan magana ta saya mata farin jinin da kuɗi ba sa saye, kuma ba na shakkar cewa ta san haka kafin ta buɗe baki. Ta fahimci talla ƙwarai, har a 1938 ta yi mako guda tana riƙe da ofishin yaɗa labarai na kamfanin David O. Selznick.

Abin da zai fi ba ki sha'awa a matsayinki na 'yar kasuwa shi ne matakin da ta ɗauka bayan ta bar Paramount. A wancan zamani ɗan wasa kamar kayan kamfani yake: ana ɗaure shi da kwantiragin shekara bakwai, a sa shi fim ɗin da aka ga dama, a ba da aronsa ga wani kamfani, idan ya ƙi a dakatar da albashinsa. Lombard ta zaɓi ta zauna ba ta ƙarƙashin kowa, tana ƙulla ciniki fim bayan fim, kuma a wasu yarjejeniyoyin ta yarda a rage mata kuɗin hannu a ba ta kaso daga ribar. Wannan tsari ya zama ruwan dare bayan shekaru, amma a ƙarshen shekarun 1930 'yan wasa ƙalilan ne suka yi wannan kasada.

Batun Oscar kuwa, sau ɗaya aka sa sunanta a takara, saboda My Man Godfrey. Fim ɗin ya shiga takara a rukuni shida, shi ne kuma na farko da ya samu wakilci a dukkan rukunan 'yan wasa huɗu, amma ya tashi hannu rabbana. Luise Rainer ce ta lashe kyautar jaruma a wannan shekara da fim ɗin The Great Ziegfeld, wanda, abin dariya, William Powell ne jaruminsa. Masu zaɓe sun daɗe da ɗaukar kuka a matsayin gwaninta, dariya kuma a matsayin baiwar da ba a sha wahalarta ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, alamu sun nuna ita ma wannan ra'ayi ya ɗan shige ta. Bayan da Fools for Scandal na 1938 ya faɗi warwas, ta juya ga fina-finan tausayi: Made for Each Other tare da James Stewart, da In Name Only tare da Cary Grant, duka a 1939, sai Vigil in the Night inda ta fito a matsayin ma'aikaciyar jinya, da They Knew What They Wanted tare da Charles Laughton, a 1940. Ba ta yi abin kunya a ko ɗaya ba, kuma masu sharhi sun yaba mata, sai dai 'yan kallo ba su yi tururuwa ba, kyautar da take hange ma ba ta zo ba. Ki yi tunanin an haɗa Cary Grant da Carole Lombard a fim ɗaya, gwanayen barkwanci biyu na zamaninsu, sannan aka ba su labarin baƙin ciki. Ni a wurina asara ce. Ta dawo gida a 1941 da Mr. & Mrs. Smith, wanda Alfred Hitchcock ya ba da umarni, kuma ya yi kasuwa. A wurin ɗaukar wannan fim ne, saboda maganar da ake jingina wa Hitchcock cewa 'yan wasa kamar shanu suke, ta sa aka kawo 'yan maruƙa uku aka rataya musu sunayen jaruman fim ɗin, har da nata.

Tambaya: Malam, duk inda na ga sunanta sai in ga an ce matar Clark Gable da ta mutu a hatsarin jirgin sama. Ina son a yi mini bayanin abin da ya faru, da kuma fim ɗinta na ƙarshe. Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, ba na jin daɗin yadda ake taƙaita ta a wannan jumla, domin kafin ta auri Gable ta riga ta kai ƙololuwar sana'arta da ƙafarta, amma tambayarki tana kan hanya. Fim ɗaya kacal suka yi tare, No Man of Her Own na 1932, kuma a lokacin kowa yana da aurensa, babu wani abu a tsakaninsu. Sai a 1936 suka shaƙu, suka kuma yi aure ranar 29 ga Maris, 1939, a garin Kingman na jihar Arizona, a wani ɗan hutu da ya samu daga ɗaukar Gone with the Wind. Suka tare a wata gona a Encino, suna kiwon dawaki da kaji, tana bin sa farauta.

Bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba, 1941, gwamnatin Amurka ta shiga sayar wa jama'a takardun lamuni don tara kuɗin yaƙi, kuma aka nemi taurari su taimaka wajen jawo mutane. Lombard ta tafi jiharta ta haihuwa, inda a birnin Indianapolis, ranar 15 ga Janairu, 1942, aka sayar da takardun sama da dala miliyan biyu a yini ɗaya. Da jirgin ƙasa suka je, kuma da shi aka tsara komawa, amma ita tana ɗokin isa gida. Mahaifiyarta da Otto Winkler, jami'in yaɗa labarai na kamfanin MGM da ya raka su, ba su so hawa jirgin sama ba, kuma labarin da ya shahara shi ne cewa an jefa kwabo ne aka raba gardamar. Jirgin kamfanin TWA, samfurin DC-3, ya sauka Las Vegas ya sha mai a daren 16 ga Janairu, kuma mintoci kaɗan bayan tashinsa ya daki dutsen Potosi, kimanin kilomita 50 kudu maso yammacin birnin. Mutum 22 ne a ciki, 15 daga cikinsu sojojin sama, babu wanda ya tsira. Bincike ya ɗora laifin a kan kuskuren matuƙa wajen bin hanya, a daren da aka kashe yawancin fitilun da ke yi wa jirage jagora saboda tsoron hari. Tana da shekara 33.

Gable ya je Las Vegas ya jira har aka sauko da gawarwakin daga dutsen. A watan Agustan wannan shekara ya shiga rundunar sojin sama yana da shekara 41, aka tura shi Ingila, ya shiga jiragen yaƙi a hare-hare biyar. Ya sake aure sau biyu, amma da ya rasu a 1960 kusa da ita aka binne shi a maƙabartar Forest Lawn da ke Glendale. A 1944 an sa wa wani jirgin ruwan dakon kayan yaƙi sunanta. Fim ɗin da take shirin farawa, They All Kissed the Bride, Joan Crawford ce ta karɓa, ta kuma ba da kuɗin aikinta ga ƙungiyar Red Cross.

Fim ɗinta na ƙarshe shi ne To Be or Not to Be na Ernst Lubitsch, wanda aka gama ɗauka a Disambar 1941 aka sake shi bayan rasuwarta. Labarin wata ƙungiyar 'yan wasan dandamali ce a birnin Warsaw bayan da Jamus ta mamaye Poland, waɗanda suka yi amfani da kayan wasansu da gemun roba suka yaudari jami'an Nazi. Jack Benny ne mijin, ɗan wasa mai ji da kansa, ita kuma Maria Tura, matar da ke shirya wa wani matashin matuƙin jirgi ya zo ɗakinta na bayan dandamali daidai lokacin da mijin ya fara doguwar maganarsa a wasan kwaikwayon Hamlet, don ta san ba zai sauko da wuri ba. Kafin a sake shi an cire wata jumla tata da ke maganar abin da zai iya faruwa a jirgin sama. Masu sharhi da dama sun yi tir da fim ɗin a lokacin, suna ganin bai kamata a yi dariya da mamayar Poland ba ana tsakiyar yaƙi, sai bayan shekaru ra'ayi ya juya, har Laburaren Majalisar Amurka ya sa shi cikin fina-finan da za a adana a 1996.

Idan za ki kalle shi, Malama, ki kwatanta Maria da Irene ta shekara shida kafin nan. Babu tsalle, babu kururuwa, babu shuri. Muryarta ƙasa-ƙasa take, kusan raɗa, kuma akwai wurin da wani ɗan leƙen asirin Nazi yake zawarcinta yana neman ta yi musu aiki, tana murmushi tana biye masa, alhali idanunta suna auna nisan da ke tsakaninta da ƙofa.